Tambaya da Amsa: Wuƙaƙena biyu, rubutunsu daban

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni mai sha'awar tara wuƙaƙe ne masu kube, ba irin waɗanda ake naɗewa ba. Ina da Buck 119, wuƙar kamfanin Buck na Amurka, guda biyu, ɗaya gadon baffana ce ɗaya a gwanjo na saye ta, to rubutun jikinsu ba iri ɗaya ba ne, ko ɗaya jabu ce?
Mai karatu, Runjin Sambo, Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka yi saurin cewa jabu ce, duba gindin wuƙar kusa da mariƙi. In BUCK kawai aka buga to ta girmi 1967, riƙe ta hannu bibbiyu. BUCK da U.S.A layi biyu daga 1967 ne zuwa 1972, daga nan suka ƙara lambar 119. Tun 1986 kuma kowace shekara da 'yar alamarta gefen lambar, < na 1986, > na 1987, ta 2005 taswirar jihar Idaho ce don a shekarar kamfanin ya taso daga Kalifoniya ya koma can.

Ƙarfen ma ya canza, tsofaffin 440C ne shi yasa suke da wuyar wasawa, na yanzu 420HC.

Don Allah kar ka kai ta baffa wajen masu wasa wuƙa da inji, rubutun nan zasu cinye, na ga an yi haka raina ya ɓaci sosai wallahi. In kuben ya tsufa dukawanmu na Sakkwato zasu ɗinka maka sabo da jar fatar akuya, amma ajiye na asalin, kuma da damina cire ta daga kube ka shafa mata ɗan mai.