Ruwa da abinci ne ke yanke mana adadi

Ka ce tunda tarwadar wannan zubin ta yi kyau, me zai hana mu ninka 'ya'yan kifi a tankunan nan, riba ta ninku. Jawo benci, Sani, in ba ka lissafin.

'Ya'yan kifi su ne mafi arha a sana'ar nan. Abinci ke cin jari: cikin kowace naira goma da muka kashe, shida zuwa bakwai ta bakin kifi take wucewa. Kafin tarwada ta kai kilo ɗaya, a wata biyar ko shida, sai ta ci abincin da ya haura kilo. Shi kuwa abincin masara ce da waken soya da garin kifi, masarar da mu da masu kaji muke rububi. Tun 2023 da aka cire tallafin mai, naira kuma ta faɗi, buhun nan mai kilo 15 bai koma tsohon kuɗinsa ba. Wanda ya zuba abin da ya fi ƙarfin aljihunsa, a wata na uku zai fara ƙwauron abinci, manya kuma su juya kan ƙanana.

To ko kuɗin na nan, ruwan fa? Duk abin da kifi ya ci, a cikin ruwan da yake kwana yake fitar da shi. Kashi da ragowar abinci in sun ruɓe, warin nan ne da ke dukan hancinka ranar da ka makara. Leƙa tanki da asuba. In ka tarar sun rataye a tsaye, baki sama, gashin baki ya ɗan fito waje, abincin jiya na yawo ba wanda ya taɓa, ruwa ya ɓaci ke nan. In kifi ya ninku, canjin ruwa ma ya ninku, kuma kowane canji fetur ne a janareta. Rijiyar burtsatsenmu kuwa ka ga yadda take ja baya a Maris da Afrilu. Da hunturu ruwa ya yi sanyi, su rage ci, girma ya tsaya, kwanaki na tafiya. Sannan ruwan da muka zubar, masu lambun bayanmu na marmarinsa, amma in ya fi ƙarfin lambu, kwatar unguwa zai bi, sai mai unguwa ya aiko.

Kada masu kududdufi a bakin Kogin Kaduna su ba ka sha'awa. Ruwa a ɓagas, gaskiya ne, amma ambaliyar Agusta da Satumba a dare ɗaya take kwashe wa mutum jari.

Ranar kamu ma da magana. Dillalai da masu gashi da masu banda sun san kowane kwana da kifi ya ƙara a hannunka buhu yake ci, su za su yanka farashi. In ka ja, mai cefane ta koma kan kifin ƙanƙara.

Abin da zan yarda da shi, mu rarraba zubi, tanki ɗaya kowane wata, kamu ma ya zo a rarrabe. Ɗauko koma ka tsame manyan tanki na biyu kafin rana ta ɗaga.