Amsa ga uwar da 'yarta ta tambaya ko ta ɓoye asalinta

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Kin ce an ba 'yarki littafi a makaranta game da yarinyar da iyayenta, baƙaƙen fata masu hasken jiki, suka ɓad-da-kama suka zama Turawa domin su sami gida, kuma yanzu tana tambaya ko ita ma ta sauya sunanta. Wallahi tawa ma ta yi mini wannan tambayar, kuma a ranar kasa cin abinci na yi.

Kada ki ce mata ƙagaggen labari ne kawai. A shekarun 1930 hukumomin Amurka sun shata jan layi a taswira a kan unguwannin baƙaƙen fata, aka riƙa hana su bashin sayen gida, sannan takardun gidaje da yawa suna ɗauke da sharaɗin kada a sayar wa baƙar fata. Kotun Ƙoli ta hana tilasta wannan sharaɗi a 1948, amma a 1957 da William da Daisy Myers, ma'aurata baƙaƙen fata, suka tare a Levittown, unguwar Turawa a jihar Pennsylvania, sai da aka yi ta jifan gidansu. Dokar tarayya ta hana wariyar gidaje ba ta zo ba sai 1968.

Abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wata dillaliyar gidaje. A waya ta tabbatar mini gidan yana nan. Da ta ga hijabina da launin fatata, ta tsaya a bakin ƙofa, makulli a hannunta ina kallonsa, ta ce an riga an kama. Ko ciki ba ta bari mun leƙa ba, alhali 'yata tana tsaye tana jin komai. Bayan haka tallan gidan ya daɗe bai sauka ba. Allah ya isa tsakanina da ita.

Ki karanta littafin tare da 'yarki, ki tambaye ta wa yarinyar ta daina gaisarwa a hanya, kakarta ko ƙawayenta, domin ta samu wannan gida. Ki ba ta labarin Walter White, tsohon shugaban NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata a Amurka, wanda ya yi amfani da hasken fatarsa wajen binciken kisan gilla da ake yi wa baƙaƙen fata a kudancin ƙasar. Idan kuma kuna neman haya, ki adana duk saƙon da dillali ya turo miki, kuma ki je ki ga malamar ajin tun kafin a gama littafin.