Tambaya da Amsa: Yawon Dare da Ɗaukar Hoto a Guangzhou

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, ina sayar da kayan waya, kuma ina shirin zuwa Guangzhou a ƙasar Sin cikin watan Oktoba domin saro kaya. Waɗanda suka saba zuwa sun ce da rana kasuwa ce take cinye mutum, sai da dare yake samun sararin kansa. Ina so in fita in ɗauko hotunan birnin da wayata in nuna wa iyali, sai dai duk hoton da na ɗauka da dare dishi-dishi yake fitowa. Ina ya kamata in nufa, kuma akwai abin da doka ta hana a ɗauka? Daga mai karatu a Garwa, Kamaru.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ka lafiya, ya sa a yi ciniki mai albarka. Shawarata ita ce ka ware maraice ɗaya ka ba unguwa ɗaya, kada ka ce sai ka zagaye birnin, domin wanda ya yi haka a jirgin ƙasa dare zai ƙare masa.

Ka fara daga Masallacin Huaisheng da ke titin Guangta, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Ximenkou. Yana cikin masallatai mafi daɗewa a ƙasar Sin, kuma hasumiyarsa mai siffar bututu ta kai kimanin mita 36. A ƙarshen Oktoba rana tana faɗuwa can wajen ƙarfe 6, saboda haka ka yi magariba a nan, kana fitowa ka ɗaga waya ka ɗauki hasumiyar tun sama tana da sauran shuɗi. Wannan ɗan taƙin, wanda bai wuce minti 20 zuwa 30 ba, shi ne mafi kyawun lokacin hoto, domin an kunna fitilu amma duhu bai haɗiye siffar gine-gine ba, kuma waya ba ta wahala wajen daidaita haske.

Daga nan ka taka zuwa Titin Beijing, wanda aka keɓe wa masu tafiya a ƙasa. Nan matasan birnin suke yin dafifi tsakanin kantunan tufafi da shagunan shayi da manyan allunan talla masu walƙiya. Abin da ya sa na fifita shi a kan sauran titunan saye da sayarwa shi ne abin da ke ƙarƙashin ƙafa: a shekarar 2002 masu aikin hanya suka tono tsofaffin shimfiɗun titi, wani a kan wani, har da na zamanin daulolin Song da Ming, aka rufe su da gilashi aka sa musu fitila. Idan ka durƙusa ka sa gilashin a ƙasan hoto, jama'a da allunan talla a sama, ka haɗa titin jiya da na yau a hoto guda. Hasumiyar Canton, mai tsawon kimanin mita 600 da aka buɗe a 2010, tana da kyau, amma kowa ya dawo da hotonta. In kana so, ka bar ta sai wani daren, ka ɗauke ta daga dandalin Huacheng a ɗaya tsallaken Kogin Lu'ulu'u.

Batun dishi-dishi kuwa, yawanci hannu ne yake rawa. Da dare waya tana buɗe idonta na tsawon daƙiƙa ɗaya zuwa uku domin ta tara haske, kuma ko ɗan motsi ya isa ya ɓata aikin. Ka goge gilashin kyamara, ka kashe filas, ka manna gwiwar hannu a jiki ko ka jingina da turken fitila. Ka taɓa wurin da ya fi haske a fuskar wayar, sannan ka ja hasken ƙasa kaɗan har rubutun allon ya fito sarai. Kada ka jawo hoto da yatsa. Ka taka da ƙafarka ka matsa kusa. Allunan talla kan fito da zane-zane saboda ƙyaftawar fitilunsu, don haka ka ɗauki uku ko huɗu ka zaɓa. Kafin tafiya ka gwada hannunka a kan masu tsire da fitilunsu a Garwa, darasin ɗaya ne. Batirin ajiya kuwa, mai sayar da kayan waya ba sai an tuna masa ba.

Game da doka, kundin dokokin zamantakewa na Sin da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021 ya hana yaɗa hoton mutum ba da yardarsa ba, ko da yake ya yi sassauci idan wurin ake nunawa jama'a suka shigo ciki ba makawa. Cunkoson titi ba laifi, amma fuskar mutum ɗaya, musamman mace ko yaro, sai ka nuna masa wayar ya gyaɗa kai. Kada ka ɗauki 'yan sanda ko sojoji ko wuraren bincike. A unguwar Xiaobei, inda za ka sami abincin halal da 'yan'uwa 'yan Afirka, ka ƙara kamewa, domin da yawa ba sa son a ɗauke su. Haka masu shagunan sari ba sa son a ɗauki samfurin kayansu sai da izini. Fasfo ɗinka ya kasance a jikinka, kuma ka juyo da wuri, don yawancin layukan jirgin ƙasa suna rufewa kafin ƙarfe 12 na dare.

WhatsApp da Facebook a toshe suke a intanet ɗin ƙasar, saboda haka ka saka wa uwargida WeChat, manhajar aika saƙo da ake amfani da ita a Sin, tun kafin ka tashi. Sin tana gaban Kamaru da awa 7: hoton da ka aika ƙarfe 9 na dare zai same su ƙarfe 2 na rana.