Yaya ake bambance beluga ɗaya da 'yar uwarta alhali duk farare ne?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ga wani bidiyo a Facebook wai masu bincike sun san kowace beluga ɗaya bayan ɗaya, ni ko duk farare fat na gansu, ba zane ba komai. Ta yaya hakan? Daga wani ɗalibi, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Barka kadai ɗan uwa. Beluga dai wata babbar dabbar teku ce mai shayarwa, 'yar uwar dolfin, da ke zaune a ruwan sanyi na can arewacin duniya. Daga nesa ne kake ganinsu sumul, in ka matso jikinsu cike yake da tabo, kuma da tabon nan ake aikin. Ƙanƙara na yankarsu, farfelar jirgin ruwa na sararsu, wasu da shatin haƙoran orka, wata babbar dabbar teku mai farautarsu, da ta kai musu farmaki suka sha da kyar. Sannan beluga ba ta da wannan fiffiken na gadon baya irin na dolfin, wani ɗan tudu ne dogo, shi ma yana samun gibi da tsaga.

Dabarar dai ita ce ake yi wa raƙuman dawan Kure a nan Nijar, hoto ake ɗauka gefen dama da gefen hagu a buɗe wa kowa fayil, sai dai raƙumin dawa yana tsaye yana kallonka, ita ko beluga bayanta kawai take ɗagowa ta shaƙi iska ta nutse, kuma a Cook Inlet, wani mashigin teku can Alaska ta Amurka, ruwan duk laka ne, abin da ke ƙasa ba ka ganinsa. Shi ya sa wani lokaci ana da hoton dama ana da na hagu amma a ɗau shekaru ba a gane na dabba ɗaya ba ne. Ga kuma ƙananan tabo da ke ɓacewa don duk bazara suna saɓa, jariransu kuwa ruwan toka ake haihuwarsu, sai sun girma suke fari.

A Cook Inlet ɗin tun 2005 ake wannan aiki. An ƙiyasta sun kai 1300 a 1979, ƙiyasin 2022 ya ba da kamar 331, kuma Amurka ta sa su cikin masu fuskantar ƙarewa tun 2008. Ƙidaya daga jirgin sama za ta ce maka sun ragu, amma ba za ta gaya maka dalili ba. Hoto ne ke nuna wannan macen an ganta da ɗa bana, sai yaushe ta sake haihuwa, ɗan ya rayu ko bai rayu ba. Ni a ganina nan ne amfanin yake.

Akwai kuma na'urar satalayit da ake maƙala musu a baya, tana nuna inda suke zuwa lokacin hunturu, amma galibi sai an kama dabbar an huda fatarta, kuma watanni kaɗan take yi ta faɗi. Waɗanda aka sa wa a Cook Inlet tsakanin 1999 da 2002, shekaru da yawa bayan haka da tabon hudar aka ci gaba da gane wasunsu a hotuna.