An kawo mana kwamfutocin hannu, malamaina na tsoron taɓa su

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni hedimasta ce a wata firamare ta karkara. An kawo mana kwamfutocin hannu, aka kai malamai biyu bitar kwana uku a birni. Sun dawo da satifiket, amma har yau na'urorin na kulle a ofishina, kowa na tsoron ta lalace a hannunsa a cire a albashinsa. Iyaye kuwa kullum tambayarsu yaushe kwamfuta za ta fara koya wa 'ya'yansu karatu. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara buɗe kabad ɗin nan, don batir ko a ajiye mutuwa yake. Ki buɗe littafin karɓa da mayarwa, ki faɗa wa malamai a taro cewa lalacewa wurin aiki ba laifi ba ce.

Maganar iyayen nan ita ta fi damuna, domin har manyan jami'an ilimi ina jin ta a bakinsu. Kwamfuta ba ta koyar da karatu. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare kwamfutoci sama da 800,000 a shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro. Binciken da aka fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya latse-latse, amma lissafi da karatu ba su motsa ba. Ina amfanin malam ya kunna bidiyo, yara saba'in su yi cincirindo a kan allo ɗan tafin hannu, shi kuma ya koma gindin bishiya? Yaron da bai bambance "b" da "ɗ" ba, na'ura ba ta ganin ya ɓata, sai malamin da ke tsaye a kansa. Su kuma masu shirya bita a otal, a ci shinkafa, a raba kuɗin mota, a ɗauki hoto, ba mai sake leƙo aji, wallahi sun gajiyar da ni. Wannan ba horo ba ne.

Ga abin yi. Malaman nan biyu su zauna da sauran duk mako, awa ɗaya bayan an tashi. Kowa ya ɗauki darasin da zai koyar, ya nemo abu ɗaya da zai taimaka masa, misali a manhajar Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022. Ya gwada gaban abokan aikinsa tukuna. A aji, minti goma na na'ura sun isa, sauran lokacin alli ne da tambayoyi. Batun caji kuwa, ki kai shi gaban kwamitin gudanar da makaranta, a nemi ƙaramar sola.