Sphinx, MkDocs ko Docusaurus: da wanne zan tsara littafin jagorar manhajata?

Tambaya: Ni da abokan aikina biyu muna rubuta wata manhaja da harshen Python, kuma muna so mu yi mata littafin jagora wanda za mu riƙa dubawa a kwamfutocinmu kafin mu ɗora shi a intanet. Kwamfutata ba ta da ƙarfi sosai, ga tsadar data. An ambata mini manhajojin da ke mayar da rubutu ya zama shafukan intanet, wato Sphinx da MkDocs da Docusaurus da Hugo, amma na rasa wanda zan ɗauka.

Amsa: Ɗan'uwa, a halin da ka bayyana, shawarata ita ce ku fara da MkDocs. Dalilin farko shi ne da Python aka rubuta shi, saboda haka abin da yake buƙata yana kwamfutarku tun da farko, kuma umarnin pip install mkdocs ya isa ya sauke shi ba tare da cin data mai yawa ba. Rubutun kansa da Markdown ake yi, tsarin rubutu da alamomi masu sauƙi da John Gruber ya fitar a 2004, wanda mutum zai iya koya a zama ɗaya. Idan ka buga mkdocs serve, littafin zai buɗe a adireshin 127.0.0.1:8000, wato cikin kwamfutarka kawai, kuma duk lokacin da ka gyara jimla ka adana, shafin zai sabunta kansa nan take, ko da babu intanet ko kaɗan.

Sai dai akwai sharaɗin da zai iya sauya wannan shawara. Idan babban burinku shi ne a ciro bayanin kowane aiki kai tsaye daga cikin lambobin manhajar, tare da mahaɗai masu yawa tsakanin sassa, ko kuma kuna son fitar da PDF da EPUB (tsarin littafin lantarki) daga rubutu guda, to Sphinx ya fi ƙwarewa a nan. Georg Brandl ya ƙirƙiro shi a 2008 domin takardun Python kanta, kuma masu kula da ƙwayar Linux (kernel, wato zuciyar tsarin Linux) sun koma kansa a 2016. Wahalarsa ita ce tsarin rubutunsa mai suna reStructuredText, wanda ƙa'idojinsa suke da tsauri, ko da yake ƙarin MyST yana ba da damar rubutawa da Markdown. Sphinx shi kaɗai ba ya sabunta shafi da kansa, sai an haɗa masa sphinx-autobuild.

Docusaurus na kamfanin Meta (tsohon Facebook) yana da kyau, amma yana buƙatar Node.js (manhajar da ke gudanar da harshen JavaScript) da ɗimbin fayiloli da za a sauke, abin da bai dace da mai lissafin data ba. Hugo kuwa fayil ɗaya ne tak kuma yana da sauri ƙwarai, sai dai tsara kamanninsa yana cin lokaci.

Abin da na fi so ka kula da shi, domin a nan ne mutane suka fi shan wuya, shi ne ku ukun ku yi aiki da siga iri ɗaya. Ku buɗe keɓantaccen muhalli da venv (kayan Python da ke ware wa kowane aiki nasa kayan), ku rubuta lambar sigar kowane kayan aiki a cikin fayil ɗin requirements.txt, don kada littafin ya ginu lafiya a wajenka ya ƙi ginuwa a wajen abokinka. Kafin ɗorawa kuma ku gwada mkdocs build --strict, wanda yake tsayar da aiki idan ya ci karo da gargaɗi, kamar mahaɗin da ke nuni ga shafin da babu shi.

Idan kun zaɓi kwalliyar Material ta MkDocs, ku sani tana jawo salon haruffa daga Google, sai ku rubuta font: false a ƙarƙashin theme a cikin mkdocs.yml, fayil ɗin saitunan MkDocs. In kuma za ku yi wani sashe da Hausa, ku adana fayilolin a tsarin UTF-8, sannan ku duba da idonku ko ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai.