Zan iya haɗa sitenles 304 da 316 da walda?

Tambaya: Malam, inada bututun sitenles (ƙarfe mai jure tsatsa) nau'in 304 da nau'in 316, in na haɗasu da walda zai riƙe kuwa, kuma bazai yi tsatsa ba?

Amsa: Zai riƙe sosai ɗan'uwa, wajen ƙarfi kusan ɗaya suke. Matsalar tana gun tsatsa ne, dan 316 nada wani sinadarin ƙarfe da ake kira molibdenom, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, wanda ke kareshi daga ruwan gishiri, 304 kuwa bashi dashi, to a ruwan gishiri ɓangaren 304 zai fara cinyewa komai kyan waldar. Kayi amfani da sandar walda 316L, kabon ɗinta kaɗan ne, kuma kar ka cika zafi. In ka gama ka goge wurin da ya canza kala da burushin sitenles, banda na baƙin ƙarfe.